Babu Bridget a Gidan Nan

A Boston ta zamanin kakanninmu, duk ’yar aikin da ta fito daga Ireland sunanta Bridget, ko ta so ko ta ƙi. Matan manyan gidaje ba su da lokacin riƙe sunan mai wanke musu tukwane. Ko Ellen kike ko Maggie, da kin ɗaura ƙyallen aiki kin zama Bridget. Ƙarshenta sunan ya koma abin zolaya. In miya ta ƙone, sai a ce aikin Bridget ne. A jarida a zana ta da ƙaton hannu da baki a sake. A gidan wasa wani gardi ya sa siket ya fasa faranti, ’yan kallo su yi ta tuntsira dariya. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ita kuwa Bridget Culligan nata na gaskiya ne, fada ne ya raɗa mata shi a wata ƙaramar coci a yankin Clare na Ireland. Uwarsu ta rasu ta bar mata jinjiri, Malachy, ita ta goye shi, ita ta tauna masa dankali. Sunanta ne kalmar farko a bakinsa. Ranar da za ta tafi Amurka sai da aka ɓamɓare yatsunsa daga rigarta, tana kuka tana rantse masa za ta aiko ya zo. Duk wahalar da ta sha bayan nan, domin wannan yaron ta sha ta.

Gidan da ta fara aiki, da ta faɗi sunanta sai yaran gidan suka fashe da dariya, uwarsu ta rufe baki da hankici. Ta jure iya jurewa. Da ta ji gidan Pruett na neman mai tarbar baƙi, amma ba sa son ’yar Ireland a falo, sai ta je ta ce sunanta Delia, haihuwar Kanada. Ta goge harshenta tas har maganar ƙauyensu ta ɓace, coci kuma sai a ɓoye take zuwa da sassafe. Aka ɗauke ta. Daga bakin murhu ta koma falo, farar hula a ka, tana buɗe ƙofa tana zuba shayi.

Mutum ɗaya ce ba ta ruɗu ba, Hannah, tsohuwar mai girkin gidan, wadda ita ma tamu ce, ’yar Ireland.

“Ke Delia ’yar Kanada,” in ji ta, “harshe dai kin wanke shi, amma tafiyar nan taki ta masu haƙar dankali ce.”

“Rufa min asiri, Inna Hannah.”

“Ni ina ruwana? Ni da sunana ya mutu tun ina budurwa. Ɗauki tiren nan kafin shayin ya huce.”

Shekaru suka ja kafin ta iya aika wa Malachy tikitin jirgi. Ta shirya komai: ya sauka a gidan hayar wata gwauruwa ’yar garinsu, ya jira ta zuwa Alhamis, ranar hutun ’yan aiki. Amma wa zai ce da wanda ya ƙetare teku ya zauna jiran Alhamis? Ya tambayi hanya, ya taka har unguwar masu kuɗi. A ƙauyensu gida ƙofa ɗaya gare shi, ta nan fada yake shiga, ta nan kaza take shiga. Bai san a nan irinsa ta baya suke bi ba. Ya hau matakalar gaba ya buga.

Ranar uwargida Pruett ta tara ƙawayenta shan shayi, ƙofar falo a buɗe. Bridget ta je ta buɗe, sai ga dogon saurayi da kwat ɗin marigayi babansu, hannun ya gaza masa, takalmi duk taɓo. Fuskar uwarsu ce sak.

“Bridget!” Ya ɗaga murya yadda ake kiran mutum daga wancan gefen gona. “Yaya Bridget, wallahi ke ce! Ji yadda kika zama wata sarauniya!”

A falo sai wata ta ƙyalƙyale da dariya, saura suka bi. Ga wasan da suke biya su kalla ya zo musu har gida.

“Delia, wane ne?” in ji uwargida daga ciki.

Ta dubi ƙanenta, ta ce da irin muryar da ta shekara tana gogewa, “Babu Bridget a gidan nan. Zagaya ta baya.” Ta tura ƙofar.

Allah ya sani nufinta ke nan, ya zagaya. Ta ce wa uwargida wani ne ya yi ɓatan kai, ta ajiye butar shayi, ta sauka kicin da gudu har hularta ta faɗi. Ta buɗe ƙofar baya ta tsaya, hannuwa a shirye. Mai kawo gawayi ya wuce. Kyanwa ta wuce. Hannah ta ɗora masa ruwan shayi, ta yanka burodi, ruwan ya tafasa ya ƙone. Malachy bai zagayo ba.

“Wayyo ’yar nan,” in ji Hannah, “mutumin Clare kika rufe wa ƙofa? Ai gara ki mare shi.”

Bai koma gidan gwauruwar ba. Ta neme shi coci coci, ta bi gidajen haya, har shagunan giya ta leƙa, inda mace mai mutunci ba ta shiga. Sai da sanyi ya shigo ta same shi a tashar jiragen ruwa yana sauke buhuna. Ta kira shi. Ya ajiye buhun, ya cire hula cikin ladabi.

“Ranki ya daɗe, Madam Delia.”

“Haba Malachy. Ni ce fa. Cewa na yi ka zagaya, na jira ka har…”

“Na ji abin da kika ce, ranki ya daɗe. Kunnena lafiya lau.”

Bai zage ta ba, kuma da ya zage ta da ta fi samun sauƙi. Bai ma yanke zumunci ba. Da zai yi aure ya gayyace ta, duk Kirsimeti akwai kujerarta a teburinsa, a zuba mata kabeji da nama kafin kowa. ’Ya’yansa suka tashi suna ce mata Gwaggo Delia. Ta bar gidan Pruett, ta koma wanki da guga a unguwarmu, ta saki harshenta ya koma na gida, ta ce wa kowa sunanta Bridget. Maƙwabta suka karɓa. Amma a bakin maƙwabta sunan bai fi na sauran ’yan aiki ba. A baki ɗaya take son jin sa.

Wata Kirsimeti ta same shi shi kaɗai yana cusa taba a lofe, ta ce, “Ɗan uwana, sau ɗaya dai. Ka kira ni da sunana sau ɗaya, mu huta.”

“Ai Bridget ta yi yawa a garin nan,” ya ce, yana murmushi. “Kowane kicin da tasa. A ƙara miki shayi, Madam Delia?”

Ta yi kuka a hanyar gida, ta kuma dawo Kirsimeti mai zuwa. Haka suka tsufa.

Ƙurar tasha ta cinye masa huhu, shi ƙaramin ya riga ta kwanciya. Wata safiya matarsa ta aiko a ce ta zo maza. Ta tarar da ita a bakin ɗakin asibiti, ido jawur.

“Tun jiya ba ya gane kowa,” in ji matar. “Bridget kawai yake kira.”

Farin ciki ya kama ta a wurin da bai dace ba, har ta ji kunyar kanta. Ta shiga. Ya rame ƙwarai, idonsa na kan ƙofa, leɓensa na motsi. Da kunnenta ta ji sunan, yadda yake jan sa tun yana yaro. Ta durƙusa ta kama hannunsa, ta yi masa magana da harshen ƙauyensu.

“Ga ni, Malachy. Ga Bridget ɗinka ta zo.”

Ya juyo a hankali ya daɗe yana dubanta. Babu fushi a fuskarsa ko kaɗan. Ya ɗan zame hannunsa, kamar mai gudun ɓata wa babbar baƙuwa tufafi.

“An gode da zuwa, Madam Delia,” ya ce. “Amma ba ke ba. Yayata nake kira.”

Ya mayar da idonsa kan ƙofa, ita kuma ta matsa gefe don kada ta tare masa.