Goron Baba da Hoton Zuciya

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Ƙofar Kaura, ni da Baba da ƙanena da ke tuƙi. Wata uku Baba yana kukan ƙirji in ya taka zuwa masallaci. Likita ya tura mu wani babban asibiti can kudu, inda ake zuba wa mutum maganin nukiliya a jini a ɗauki hoton yadda jinin ke shiga zuciya. Kalmar nukiliya kaɗai ta sa Mama kuka.

Takardar asibitin ta ce a bar shayi da kofi kwana guda kafin gwaji. Baba ya bi ta sau da ƙafa. A Zariya muka tsaya wurin mai shayi, mu muka sha da burodi da ƙwai, tsada kamar a jirgin sama, shi ya kau da kai kamar mai azumi. Sai dai goro. Daga Kankiya zuwa Kaduna, duk ramin da mota ta faɗa sai ya ɓantari ɗaya. Da safen gwajin ma da shi ya karya.

Ma'aikaciyar da ta karɓe mu ta yi tambayoyinta, sannan ta dubi haƙoransa.

"Baba, yaushe rabonka da goro?"

"Ɗiyata, mi ya haɗa goro da zuciya? Ga shi nan a aljihu."

Ta ajiye biro ta ce yau ba gwaji. Raina ya ɓaci ƙwarai, na fara faɗa. Ta bar ni na gama, sannan ta yi bayani. Abin da ke cikin kofi shi ne a cikin goro, kuma yana iya danne allurar da ake yi kafin hoto don buɗe jijiyoyin zuciya, hoto ya fito lafiya lau alhali da ciwo. Ta ce a da ba sa tambayar goro. Rajista suke riƙewa ta duk wanda aka ɗauka, da garinsu, da yadda ya ƙare. Da suka zauna suka duba ta, sai suka ga 'yan wajenmu suna yawan dawowa da ciwo bayan an ce musu ba komai. Suka bi diddigi har suka gano goro.

Wallahi da bara waccan muka zo, da mun koma gida muna murna.

Muka ƙara kwana biyu, Baba ba goro, sai tsaki da hamma. Hoton ya nuna jijiya ɗaya ta ƙuntace. Aka ba shi magani da ranar dawowa.

A hanyar gida ina ta juya abin a raina: rubutun da nake gani ɓata lokaci ne a asibiti, ashe shi ya tsaya wa mahaifina. Muna shiga Katsina da la'asar Baba ya ce kada mu nufi gida, a kai shi Ƙofar Marusa. Can amininsa yake, wanda ya yi wannan gwajin shekara biyu da suka wuce aka ce zuciyarsa garau, ya dawo ya yi sadaka.

Muka same shi a ƙofar gida kan tabarma, yana numfashi sama-sama. Ya yi murna, ya miƙo wa Baba goro. Baba ya riƙe hannun nasa.

"Alhaji, ran da aka yi maka hoton nan, ka ci goro?"

"Ni da ban rabo da shi?"

Baba ya juyo ya dubi ƙanena. "Kar ka kashe motar nan, je ka sha mai. Asibitin za mu koma da Alhaji."