Faifan da Jibo Ya Samo

Jibo ɗan garin Mai Wurno ne, a ƙasar Sudan, can aka haife shi. Aikinsa yashe tur'a, magudanar ruwan gonakin auduga, in kaka ta yi ya shiga tsinka. Ba shi da yawan magana. Da ake ginin dam a Rusairis ya je ya ɗauki siminti, ya dawo da ciwon baya da wani garmaho mai batir da wani Bature ya yar.

Garmahon ya zama sana'arsa ta biyu. Ana kiransa gidan biki ya sa faifai, mata su taka. Bai taɓa sayen sabo ba. Kasuwar Sinja yake bi, wurin masu gwanjo, ya ɗaga faifai a rana ya duba karce, ya taya rabin abin da aka faɗa, ya juya baya har a kira shi.

Akwai faifan da bai samu ba. Uwarsa Talatu da ƙafa ta zo daga ƙasar Sakkwato tana budurwa. Tun rasuwar mijinta ta kwanta, ta daina hira, kunu ma sai an matsa mata. Sau ɗaya ta ce masa, "Duk kiɗanka na Larabawa ne. Ba ka da kalangu?"

Jibo ya sa a ransa in ta ji kalangu za ta tashi. Irin wannan faifai sai a kayan maniyyata da guzuri ya ƙare musu a hanya. Ya shiga bin ƙauyuka yana cigiya. In ya ce faifai yake nema, mata su fito masa da na kaba, na rufe ƙwarya.

"Ba wanga ba, Inna. Baƙi, mai rami a tsaka."

"Mai rami? To mi za ya rufe, bawan Allah?"

A wani ƙauye bayan Rusairis wata tsohuwa, Huseina, ta ce tana da shi. Wani baƙo daga yamma ya bar mata a madadin kuɗin kwana. Ta ɗauko shi daga bakin tukunya, yana ɗigar tururi. An zana makaɗi da kalangu a tsakiyarsa, takardar ta kusa narkewa. Ta ce ya ba ta sukari da faifan kirki, don wannan ba ya hana ƙuda. Ya ba ta.

Zafi ya riga ya lanƙwasa shi. Jibo ya danne shi da dutsen niƙa tsakanin alluna biyu, ya ɗan miƙe.

Ya kai garmahon bakin gadon uwarsa da hantsi. Kalangu ya tashi, sai allurar ta yi tsalle ta koma baya, ta sake komawa, wuri guda. Jibo yana kallon ƙafafunta. Babban yatsa ya motsa, ya tsaya.

"Kashe," in ji ta.

Ya kashe.

"Ba haka yake ba." Ta dubi kwanon kununta da ba ta taɓa ba. "Rufe min shi, ƙuda na shiga."

Ya duba ɗakin, babu na kaba kusa. Ya zare faifan ya ɗora a kan kwanon. Ya ɗauki shebur ya tafi tur'a.