Ranar da Muka Yanke Kiɗan Baba Arzika

Ban jin zan taɓa mantawa da wata Talata bayan Sallar layya ta bara ba. Ina rubuta wannan ne domin ku da kuka shigo aikin rediyo bayana.

Lokacin ban daɗe da fara estaji ba a wani ƙaramin gidan rediyo na jama'a a Dogon Dutsi, bayan na samu birebe, takardar gama ƙaramar sakandare. Estaji shi ne zaman koyon aiki kafin a ɗauke ka. Direkta ya sa ni cikin wani proje na adana al'adun yankinmu na Arewa: mu shiga ƙauyuka mu ɗauko waƙoƙin daka, kirarin mafarauta da kiɗan tsofaffi, mu watsa su kowace Talata da hantsi. Masu tallafa wa projen suna son sanin ko ana saurare, mu kuwa ba mu da abin nuna musu, don ba mai bugo mana waya a wannan shirin.

A Matankari muka ɗauko Baba Arzika, wani tsoho mai goge da ke yi wa 'yan bori kiɗa. Ya yi mana taken wata doguwa, wato aljanar bori, kiɗa mai tsawo sosai. Da muka dawo, Direkta ya saurara ya ce ya wuce lokacin shirin, ga sanarwar rasuwa da ta ɓatan dabbobi na jira a bayansa. Ya yanke ƙarshen, wurin da gogen ke yin sanyi kamar mai shirin barci. Ya ce, "Nan ba daɗi, mutane za su juya tasha." Ranar shirin sai ya tafi taro Doso ya bar ni ni kaɗai a situdiyo.

Na saki kiɗan, ya ƙare, na fara karanta sanarwa. Ban kai ta uku ba wayar tasha ta fara ƙara. Wata mata daga Dogon Kiriya ta ce maƙwabciyarta ta faɗi bakin rijiya, amma an riƙe ta. Na ajiye, wayar ta sake yin ƙara. Wannan karon namiji ne, yana haki, bayansa kuwa ihun mata.

"Ke ɗiyag ga, mi kunka yi muna? Nan Dumega ne. Matar ƙanena Ramatu ta hwaɗi gaban murhu, hannunta cikin wuta. Mun jawo ta, amma ta sanƙare, idonta ya juye, ga jinjiri na ta kuka. Ku kunka kira ta, ku sallame ta!"

Ban gane ba. Na ce su kai ta likita. Ya ce an tafi neman amalanke, amma ko mutum huɗu ba su iya lanƙwasa ta balle su ɗora ta.

Na kira Direkta, wayarsa a kashe. Na kira Baba Arzika. Ashe shi ma ya ji shirin.

"Ɗiyata, wa yac ce ku tsaya nan? In an kira doguwa da goge, da goge aka sallamatta. Abin da kunka yanke shi ne sallamar. Duk wadda ta taɓa hawa ta ji wanga kiɗi, an bar ta tsakiyar hanya. Maza ki sa shi har ƙarshe."

Allah ya sa ranar ɗauka na naɗa da salulata ma, don gudun kada na'ura ta ba mu kunya. Ina cikin laluben igiyar haɗawa sai aka banko ƙofa. Yayana ne Nasiru, daga shagonsa na kasuwa, wandonsa a ɗage, fuskarsa ba annuri. Abokansa na tsaye a waje.

"Rakiya, kiɗan iskoki ne aikin da kike yi? Duk kasuwa an ji muryarki. Kashe ki fito."

Na ce, "Yaya, ni ma ban yarda da abin nan ba, Allah ya sani. Amma akwai mace kwance a Dumega."

"A yi mata ruƙiyya."

"To ka je ka yi mata. Kafin ka isa fa?"

Ban taɓa mayar masa da magana ba tun da aka haife ni. Na ɗaga makirfo na ce, "Jama'a, a gafarce mu, ga ƙarashen kiɗan Baba Arzika." Na saki kiɗan. Yaya ya tsaya yana kallona, sannan ya juya ya fita, bai ko rufe ƙofar ba.

Gogen ya yi ta sauka a hankali har ya yi shiru. Na zauna ina kallon waya. Da ta yi ƙara sai da na yi salati kafin na ɗauka. Mutumin Dumega ne. Ya ce Ramatu ta yi atishawa, jikinta ya saki, ta tambayi ina ɗanta. Na kifa kaina kan tebur na yi kuka, makirfo ma a buɗe.

Direkta da ya dawo murna ya yi ta yi, wai har daga Kangiwa, ƙetaren iyaka, an bugo waya, yanzu ya samu abin rubuta wa masu proje. Yaya kuwa har yau gaisuwa kaɗai ke tsakaninmu.

Ban san abin da ya kama matan nan ba, kuma ba ni da ilimin yanke hukunci. Abin da na koya a aikin nan shi ne, duk abin da tsoho ya ba ka, ka tambaye shi inda ba a yankewa kafin ka taɓa shi.

Bayan sati na shiga mota na je Dumega. Na tarar da Ramatu zaune, hannunta na dama naɗe da bandeji, wata na riƙa mata jinjirin yana shan nono. Yatsunta biyu ba za su sake miƙewa ba. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa ta ce, "Ashe ke ce mai muryar. Wallahi na ɗauka babbar mace ce."