Gungun Inna a Ƙarƙashin Ruwa

Mun tashi da asuba daga Birnin Kabi, ni da Inna da ɗan kawuna wanda ya yi shekaru yana dako a tashar jiragen ruwa ta Ikko. Sabuwar jiharmu ko ofisoshi ba ta gama rabawa ba, don haka da ƙyar na samu hutu. Amma tafiyar ba ta ɗaguwa. Ciwon yana ya fara rufe idon Inna, ita kuwa burinta guda ne: ta ga kabarin mahaifinta kafin ganin ya tafi gaba ɗaya.

Inna Bagungiya ce. A wani tsibiri na tsakiyar Kwara aka haife ta, irin wanda can ake kira gungu. Da aka gina madatsar Kainji ruwa ya haɗiye shi, aka kwashe mutanen zuwa tudu. Wata ƙawarta ta shaida mata cewa shekarun baya ta je a watan Cika-ciki, ta tarar ruwa ya janye har ta taka gungun da ƙafarta. Tun daga ranar Inna ta riƙe sunan watan gam, kuma a cikinsa muka taho.

Hanya ba laifi har Koko, daga nan ramuka suka karɓe mu. Damina ta fara, gero ya kai idon sawu, ko'ina kore shar. A mararrabar Shanga aka ƙara mana fasinja da awaki biyu, ɗayar ta kama gefen mayafin Inna da ci. A Yelwa muka ci tuwon shinkafa da miyar kifin ragon ruwa. Kifi a garin nan araha har sai ka ji kunyar tayawa, albasa kuwa tuli-tuli ko ta ina.

Tsakanin Yelwa da Wara ɗan kawuna ya buɗe mana karatun teku. Ya ce wata ne ke jan ruwan teku, shi ya sa yake cika ya janye sau biyu a kwana guda, kuma kowace rana yana ɗan makara fiye da jiya. In wata ya tsaya ko ya cika, rana kan taya shi ja, sai cikar ta yi yawa. Amma iska da yanayin gaɓa kan ɓata lissafin, har ka ga bakin teku biyu kusa da juna kowanne da lokacinsa. Ni na zaci burgar 'yan Ikko ce kawai, amma na ga ya san abin da yake faɗa. Inna kuwa murna ta kama ta. Ta ce, "Kun jiya ko? Ruwa wata shika bi. Daidai munka taho."

A bakin ruwan Wara muka samu wani dattijo mai kwalekwale da ya san gungun. Da ya ji abin da ya kawo mu, sai ya juya ya dubi tafkin.

"Hajiya, kun yi sauri," ya ce. "Wanga ruwa ba ruwanai da wata. Damina shika bi."

Ya ce ruwa biyu ke cika tafkin. Akwai farin ruwa mai laka, na daminarmu ta nan, akwai kuma baƙin ruwa da ke tasowa daga ƙasashen yamma masu nisa, sai da sanyi yake isowa. Bayan su kuma ga masu madatsa, su buɗe ko su riƙe yadda aikin wuta ya buƙata. Gungun ba ya fitowa sai damina ta yi nisa, wata shekarar ma ko kansa ba a gani. Anan na gane inda muka yi kuskure. Watanmu na Musulunci kowace shekara gaba yake matsowa, ya bar damina a baya. Cika-cikin ƙawar Inna tsakiyar damina ne, namu kuwa farkonta. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kasa duban Inna.

Ita ce ta ce a tafi haka nan.

Muka shiga. Tafkin faɗi gare shi har ba ka ganin ƙetare, matattun itatuwa tsaye a cikinsa da tsuntsaye a kai. Dattijon ya yi ta duban wani tsauni da wani kututture har ya daidaita su, sannan ya kashe inji. Babu komai a wurin sai ruwa. Ya ɗauko doguwar gorar da yake tura jirgi ya zura, ta nutse kusan duka. Ya ce ƙasa ce. Ya matsa, ƙasa. Ya sake matsawa, sai muka ji ƙwas.

Inna ta miƙa hannu ya ba ta gorar. Ta daɗe tana jan ta a hankali kan dutsen, har bakin gorar ya faɗa wani ɗan rami. Sai ta tsaya. Ta ce falalen bayan gidansu ne, ramin kuwa nan innarta ke niƙa, kuma kabarin yana gabas da shi kaɗan. Ta matsar da gorar gabas, ta sauke ta kan ƙasa mai laushi.

"Salamu alaikum, Baba," ta ce. "Ni ce. Na daɗe ban taho ba."

Muka ɗaga hannu muka yi masa addu'a, ɗan kawuna na goge ido da hula. Ni ma ban ɓoye nawa hawayen ba.

A Yelwa muka kwana, washegari da la'asar muka iso gida da kwandon busasshen kifi. Abin da na koya shi ne kowane ruwa da abin da yake bi, kuma kafin ka ɗauki tsohuwa ka kai ta nesa, ka fara tambayar mutanen gaɓa. Na ce wa Inna in damina ta yi nisa zan nemi wani hutun mu koma, ko Allah zai sa ta gani da ido.

Ta ce in bar hutuna. Ta buɗe tafin hannunta, har yanzu da sawun gorar ja a ciki, ta ce, "Wanga ya gani."