Tulunan da Suka Ɗumama Bakwaini

Hayaƙin jiƙaƙƙen icce ba irin na busasshe ba ne. Yana da ɗaci, yana bin ƙasa, ya shiga ido tun kafin ya kai hanci. Shekaranjiya da aka wuni ana ruwa, gas ya ƙare wa maƙwabciyata, ta koma murhu, hayaƙin ya tsallako katanga ya iske ni a kan tabarma. Sai ga ni a tsohon gidanmu na nan Matameye, ina ƴar yarinya da giɓin famfara a baki. Ku gyara zama in ba ku labarin, don cikin waɗanda suka gani da idonsu ni kaɗai na rage.

A daminar waccan shekarar ce Inna ta haihu kafin lokacinta. Bakwaini ta haifa, namiji, a tsakiyar marka, lokacin da gero ya kai ƙirjin mutum, ruwa kuma yake zuba ba ƙarfi ba tsayawa, rana ta yi ɓatan dabo. Da aka bar ni na leƙa, na ga abu bai fi tsawon ludayi ba, jawur kamar ɗan tsuntsun da bai yi gashi ba. Inna kuwa zazzaɓi ya kayar da ita, ba ta san wanda ke kanta ba, balle ta riƙe shi a ƙirji. Gadon ƙasar da ake hura wa mai jego wuta a ƙarƙashinsa ya yi masa zafi da yawa, hayaƙin kuma yana shaƙe shi.

Kaka, uwar Baba, ta kama tafin ƙafarsa. Ta ce ƙafar ta yi sanyi kamar gindin randa, in kuwa sanyin ya hau ya kai ciki, sai dai haƙuri. Ta ɗauko babban masaki ta shimfiɗa audugar kaɗinta a ciki, ta kwantar da shi. Saura abin da zai ɗumama masakin.

Kawu, ƙanen Inna, maƙeri ne. Ya taho daga Tsauni a jiƙe sharkaf don yin barka. Shi ya fara kawo dabara. Ya cire ruwan garma biyu daga ƙotarsu ya sa a garwashi, kafin ka ce me sun ɗau zafi, ya naɗe su cikin tsumma ya jera a gefen masakin. Tsumman ya fara ƙauri, Kaka ta janye masakin da sauri. Da aka jira ƙarfen ya lafa aka matso da shi, bai kai tsawon sallar la'asar ba ya yi sanyi ƙalau.

"Ƙarfenka irinka ne," in ji Kaka. "Nan da nan ya hau, nan da nan ya sauka."

Kawu ya yi dariya ya ce, "Iya, ai shi ya sa ake iya zama da ni."

Goggo, ƙanwar Baba, ta soya rairayi a kasko ta ɗura a ƴar jaka. Ya fi ƙarfen riƙo, ba laifi, amma shi ma bai yi nisa ba ya huce.

Kaka ta sa aka wanke ƙananan tuluna, irin waɗanda yara ke koyon ɗaukar ruwa da su. Ta ɗora babbar tukunya. To, ruwa kun san halinsa. Iccen da zai sa ƙarfe ya yi ja, ruwa zai cinye shi bai ko motsa ba. Goggo tana ta fifita, hawaye na zuba, tana cewa ruwan nan ba shi da kunya. Kaka ta ce mata ta bar shi ya ci, wutar da yake haɗiyewa ba ɓata take yi ba, tana nan cikin cikinsa, kuma a hankali zai fito da ita. Da ya tafasa ta surka shi da na randa, ta cika tulunan, ta toshe bakinsu, ta naɗe su da tsohon zane, ta kewaye masakin da su, sannan ta rufa bargo a kan duka, ta bar kafar iska wajen fuskarsa.

A nan nawa aikin ya shigo, kuma har gobe ina alfahari da shi. Hannuwan matan gidanmu duk sun mutu da zafi. Kaka tana iya ɗaukar garwashi da yatsa ta kai wani murhun, abin da za ta ce ɗumi ne zai iya tashin fatar jariri. Sai ta kira ni ta ce, "Ke, kawo kuncin nan naki da bai san wahala ba." Kowane tulu sai an manna shi a kuncina kafin a kai shi kusa da masakin. In na janye kai, a ƙara ruwan randa. In na ji kamar jikin akuyar da ta kwanta a rana, sai in ce ya yi. Ba wanda yake musu da ni. Baba da kansa ya taɓa ɗaukar tulu zai kai, Kaka ta ce ya ajiye, mai gwaji ba ta gwada ba. Tulu ɗaya kuwa, in an naɗe shi da kyau, sai ya ɗauke mu daga azahar har magariba da sauran ɗuminsa.

Amma ruwa yana cin icce, icce kuma ya yi wuya. Abin da ke cikin rumfa kaɗan ne, na daji ya jiƙe har zuciya. Sai Kaka ta yanke hukunci: ba tuwo, ba miya, ba kunu sai na mai jego. Duk wutar gidan ta tuluna ce. Mu sauran muka koma gumba, ɗanyen gero a daka a jiƙa, safe da yamma.

Wanda abin ya fi damu shi ne kakana namiji, Baba Tsoho. Mutum ne mai son tuwo da zafinsa. Yakan zauna a bakin ɗakinsa yana tauna gumba da sauran haƙoransa yana mita, ya kira ni ya ce, "Amarya, je ki faɗa wa tsohuwar can ta samu sabon ango ta manta da ni. Ango kamar ƙadangare."

Kaka ta amsa daga madafa, "Faɗa masa angona ko kuka ya yi ya fi shi daɗin murya."

Ranar da iccen ya ƙare gaba ɗaya, ba wanda ya yi wasa. Ruwa yana zuba, Baba ya zaga maƙwabta ya dawo da ƴan karare jiƙaƙƙu. Na manna tulu a kuncina na ji shi kamar ruwan wanke hannu, na faɗi gaskiya. Kaka ta sa jaririn cikin zanenta ta zauna, amma jikin tsohuwa ba shi da ɗumin da zai raba. Na ga leɓensa ya fara canza launi.

Sai muka ji sara. Baba Tsoho ne ya ciro ƙyauren ɗakinsa, ƙyauren icce mai kauri da ya gada wajen ubansa, busasshe ƙamas, yana faskara shi da gatari a cikin zaure. Baba ya ruga ya riƙe masa hannu. Tsohon ya ce, "Sake ni. Me zan rufe wa ƙofa, ɓarawon gumba?" Daga ranar nan, da tabarma yake kare ɗakinsa, iska na shiga tana fita.

Ƙyauren nan shi ya kai mu har rana ta fito. Zazzaɓin Inna ya sauka, aka ɗora mata shi a ƙirji, ya laluba ya kama nono da ƙarfinsa. Kaka ta kama tafin ƙafarsa ta daɗe ba ta saki ba, sannan ta tashi ta ɗora tukunyar tuwo, ta ce a fara zuba wa marar ƙofa.

Yau duniya ta canza. Bakwaini a akwatin gilashi ake sa shi a asibiti, kuran, wato lantarki, ya ɗumama shi, wata lamba tana nuna zafin, ba a neman kuncin kowa. Na ji daɗin haka, don ba kowane gida ke da ƙyauren faskarawa ba. Jikata da ke lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram, da na ba ta labarin, ta ce ai lissafinsa suke yi. Wai ka ɗauki nauyin abu, ka ninka da yawan zafin da kake son ƙara masa, ka sake ninkawa da wata lamba da kowane abu yake da tasa. Ta ce lambar ruwa ta kusan ninka ta ƙarfe sau goma, ta rairayi kuma tana kusa da ta ƙarfe, ta ɗan ɗara ta. Na sa ta maimaita mini har na riƙe. Na so a ce Kaka da Kawu suna raye su ji, da an sake sabuwar gardama.

Ƙanen nawa kuwa yana nan. Alhaji ne yanzu, ƙato, ga furfura, ga jikoki cike da gida, kullum cikin kukan zafi yake. Jiya ya aiko a faɗa mini ya sa na'urar sanyaya ɗaki, in zo in gani. Zan je gobe in Allah ya kai mu. Amma da bargona zan tafi, in rufa masa ƙafa, ko ya so ko bai so ba.