Wa Sahiba, wa zai kira su gida?

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga Rajab, bayan azahar, Wa Sahiba ta rasu a gidan ɗanta La Hadiru, nan tsibirinmu na Kaledupa. Da girmana na koyi rubutu, a yi haƙuri da hannuna.

Inna Wa Sahiba, shekara arba'in ke ce a gaba idan ruwan teku ya janye, mata suka fita tsintar katantanwa a kan duwatsu. Kowacce tana duba kwandonta, ke kuwa idonki na kan 'yan halittun teku da muke kira taurari masu karyewa. Jikinsu bai fi maɓallin riga ba, hannaye biyar sirara kamar wutsiyar ɓera, da an taɓa sai su gutsure. Suna cikin ramukan dutse tun daga bakin gaɓa har inda zurfi ya fara. Ba a ci, ba a sayarwa. Amma da ruwa ya juyo, sai su miƙo hannaye suna lasar samansa, tun ƙafar mutum ba ta ji komai ba. Nan za ki daka tsawa: "Ku kwashe, makwaɗaita! Masu gida sun ce a tashi!"

Ranar da 'yata Wa Lisna ta birkice dutse ta bar shi haka, kika ja kunnenta: "Ke, a yaye rufin ɗakinku a tafi, za ki so?" Sannan kika juye mata rabin kwandonki.

Sau nawa kika ce in zo in koya? Na ce ina tsoron ruwa. Kika ce, "Ai matsoraciya nake nema, ita ce ba ta shagala."

Jiya matan suka fita, karon farko babu ke. Babu wadda ta duba ramukan. Ina tsaye a gaɓa na ga ruwa ya cika kwarin da ke tsakaninmu. Wa Lisna ta ƙetaro, ruwa iya wuya, kwando a ka, har da dariyarta. Ni har yanzu na kasa zama wuri ɗaya. Na ce ta daina fita, ta ce, "To me za mu ci, Mama?"

Gobe zan bi su. Zan tsuguna bakin rami ɗaya in zuba ido. Ban sani ba ko zan gane, Inna, kuma muryata ba ta kai taki ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya tsare ki kamar yadda kika tsare mana 'ya'ya. La Hadiru da 'yan'uwansa, Allah Ya ba ku haƙuri. Mu kuma Ya dawo mana da 'ya'yanmu gida lafiya.