Haƙoran Jatau Mai Goro

"Wai Jatau ne wancan? Dubi bakinsa."

"Shi ne. Ya bar goro, cingam yake tauna kamar 'yar lakkwal, 'yar boko."

"To mai goron da ba ya cin goro, wa zai gaya maka daɗin kayansa?"

Wasu maza biyu ne ke wannan hira suna ɗaure jakinsu a bakin kasuwar Tasawa, ba su san maganar ta kai rumfarsa ba. Jatau ya ji. Ya ci gaba da yayyafa wa goronsa ruwa.

Shekara talatin da 'yan kai yana wannan rumfa. Mutanen Baudeta da Maijirgi in suna ya taso ko ɗaurin aure, wurinsa suke zuwa, don ba ya sallamar kowa sai ya ɓare ɗaya ya ciza a gabansa. In ya ce daushe ne, to daushe ne. In ya tofar, akwai tsutsa a ciki. Haƙoransa sun yi ja har sun doshi baƙi, su ake fara duba kafin a dubi kaya.

Bara da damina jiri ya kwashe shi a rumfa. Likita ya ce tansiyo ce, wato hawan jini, ya hana shi goro. Baki kuwa ya saba da motsi, sai 'yarsa Umaima, da ke koyarwa a Mayahi, ta aiko masa cingam marar sukari. Ta ce ya riƙa taunawa bayan abinci, in ya haɗa da asuwaki jan da ke sama-sama zai ragu. Ya ragu kuwa. Wanda ya shige ciki yana nan daram, amma dai an lura.

Ranar kasuwa Namadi ya zo daga Kona, tsohon mai sayen goronsa, neman goron sunan jikarsa.

"Malam Jatau, ciza mini ɗaya."

Jatau ya ɓare, ya shinshina, ya duba cikinsa. "Mai kyau ne, Namadi."

"Na yarda. Amma dai ciza."

Jatau ya daɗe da ɓarin a hannu, sannan ya ajiye. Namadi ya yi masa fatan ƙarin sauƙi, ya ce bari ya ɗan zagaya. Bai dawo ba.

Bayan la'asar Jatau ya leƙa rumfar maƙwabcinsa Cindo mai ɗinkin takalmi, wanda bakinsa ba ya rabuwa da goro.

"Cindo, shekara nawa kana cin gorona kyauta?"

"Kyauta kuma? Hirar da nake maka fa?"

"Hirarka ko jaki ba ya tsayawa ji." Jatau ya cire cingam ɗin, ya naɗe a 'yar takarda. "Ka san mai kyau, ka san mai tsutsa, ni na koya wa bakin nan naka. Don Allah, kasuwa mai zuwa ka ɗauko kujerarka ka zauna kusa da ni. In an ce a ciza, ka ciza mini."